Tumfafiyar da Oga ya sa wa hannu

Na bar shagon zanen Oga, maigidana, a ƙarshen watan jiya, kuma tunda maganar ta fara yawo a tsakanin masu zane na Jos, gara a ji ta daga bakina. Ba zan kama suna ba, wanda ya san wurin ya sani.

Oga ya iya aiki, wannan ba zan hana shi ba. A hannunsa na koyi cewa a fentin ruwa babu fari sai farin takarda, in ka rufe shi ya tafi ke nan, don haka da launi mai haske ake farawa, a bi shi da mai duhu, shafi kan shafi. Fentin mai kuwa yana da haƙuri, ka kankare ka sake, sai dai ka jira kwanaki kafin ya bushe. Shi ya fara nuna min wardin Redouté, wanda ya zana wa Josephine matar Napoleon furannin lambunta, da tulunan furanni na Rachel Ruysch ta ƙasar Holan, wadda ta rasu a 1750. Yana jin daɗin ba da labarin yadda masu zanen Holan ke cusa furannin da ba sa toho lokaci guda a tulu ɗaya, sannan su ƙara ƙuda ko ganyen da ya fara yaushi don tuna wa mai kallo mutuwa. Da wannan labarin yake cin kasuwa. Mutanen Abuja na shigowa zai ce farin lili tsarki ne, jan wardi soyayya, su kuma su laluba aljihu.

Abin da bai taɓa yarda da shi ba shi ne namu tsirran ma suna da magana. Ai ba banza aka kira Sardauna da Gamji ba. Lalle ya isa ya gaya maka akwai biki a gida, kuka kuwa har yau akwai yaran da ba sa bi ta gindinta da magariba. Ga gawo, da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Duk ranar da na tayar da zancen, amsa ɗaya ce: "Kai yaro, wa zai rataye ciyawa a falonsa?"

Sai na zana tumfafiya a gida, da daddare, a kan takardar auduga da na saya da kuɗina. Wanda bai gwada ba zai ɗauka wasa ne. Kana yanke reshen farin ruwan nan zai tsartso ya manne maka a yatsu, kuma dole ka kiyaye idonka. Ganyen ba kore ba ne sosai, akwai wata toka-toka a kansa, sai da na riƙa surka shuɗi kaɗan da ruwa mai yawa kafin ta fito. Furen ƙanana ne, farare, kowane da kunne biyar masu bakin shunayya. Ga iskar hunturun Jos, kafin ka mayar da buroshi gefen fentin ya bushe ya bar maka zobe. Da na gama na rubuta sunana da fensir a kusurwa, na kai shago don a sa masa firam da gilashi.

Ganina da shi na gaba a wani baje kolin zane ne a Abuja, inda na je a matsayin mai ɗaukar kaya. An goge fensirin tas, sunan Oga na zaune a wurin da tawada. Yana tsaye yana yi wa wata Baturiya bayani cewa tumfafiya alamar juriya ce, tana fitowa a kangon da komai ya ƙi, kuma Fulani na amfani da ruwanta wajen daskarar da madara a yi cuku. Kalmomina ne, har da jerinsu. A mota na ce, "Yallabai, ai wannan aikina ne." Ko waiwayowa bai yi ba. "Wa ya koya maka riƙe buroshi? Duk abin da ya fito daga shagona nawa ne. Mu ma haka aka yi mana." Na san a Turai ta dā maigida kan sa hannu a aikin yaransa, amma can shi ke sayen fenti da ƙyalle, shi ke ciyarwa. Kashegari ya ce in zana masa wasu, har da kyarana, wai ciyawa ta fara tafiya.

Darussan da na koya daga wannan ba su da tsawo. Ka ɗauki hoton aikinka tun yana zanen fensir har ya kammala. Ka sa hannu da fenti, a cikin jijiyar ganye inda gogewa za ta ɓata hoton. Maganar kaso a yi ta a rubuce, ko da mutumin abokin mahaifinka ne. Kada ka bar aikinka ya kwana a shagon wani.

Yanzu jiran damina nake, in nemo furen da ke ƙasan tambarin Najeriya, wanda masana ke kira Costus spectabilis. A daji rawaya ne, a tambari kuma ja aka yi shi, ni da launinsa na gaskiya zan zana. Wanda zai maye gurbina kuma ya sani, kwalin busassun ganyen da ke ƙarƙashin tebur nawa ne, zan aiko a ɗauka.