Lahadi, 20 ga Yuli, 2025: Tipperary da Cork a Croke Park

Tun ƙarfe takwas na safe Baba ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, alhali wasan sai uku da rabi na yamma. Baba shi ne dattijon da nake haya a gidansa nan Dublin. Mutumin gundumar Tipperary ne, ya tsufa a babban birni, amma har gobe in ya ce "gida" to ƙauyensu yake nufi. Tikitin da na shiga da shi na ƙanensa ne, wanda ciwon gwiwa ya hana shi tasowa.

Wanda bai zauna a Ayilan ba ba zai san girman wannan kyauta ba. Tikitin wasan ƙarshe na hurling, wasan sanda da ƙwallo na gargajiyar Ayilan, ba a kasa shi a kasuwa. Hukumar wasan, wato GAA, tana rarraba shi ne ta hannun gundumomi da ƙananan kulob na ƙauyuka da unguwanni, su kuma su ba waɗanda suka yi musu hidima ko su jefa ƙuri'a. Kuɗin kujera a 2025 Yuro 100 ne, amma ba kuɗin ne matsalar ba. Da na miƙa wa Baba, harara ya aiko mini, ya jefo mini wata tsohuwar riga shuɗiya mai ratsin rawaya a ƙirji, ya ce in saka.

Muka taka da ƙafa zuwa unguwar Drumcondra. Ja da fari ko'ina, domin mutanen Cork sun fi yawa a titi kuma sun fi hayaniya. Suna da hujja: bana sun ɗauki kofin lig, sun ɗauki na lardin Munster, sun lallasa Tipperary har sau biyu, kuma rabonsu da babban kofi tun 2005. Bara gundumar Clare ta ƙwace musu shi da maki ɗaya tak bayan ƙarin lokaci. Wani saurayi ya daki kafaɗar Baba yana dariya, ya ce a yi haƙuri tun yanzu. Baba bai tanka ba. A gefen hanya iyalai sun buɗe bayan motocinsu suna shan shayi daga fulas da burodin da suka taho da shi daga gida, wasu kuma na yawo da kwali a hannu suna cigiyar tikiti.

Na ratse gidan wani abokina da ke kusa na yi azahar. Da na fito Baba ya ce, "Ɗana, ai da ka bari ka yi a ciki, filin ya saba." Ba wasa kawai yake yi ba. A Babbar Sallar 2020, lokacin korona, a kan ciyawar Croke Park aka yi Idi, mutum wajen 200 da tazara a tsakaninsu, har babban limamin Katolika na Dublin ya halarta.

Filin na cin mutum 82,300, kuma yau ba masaka tsinke. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a raba 'yan kallo. Mu biyu masu shuɗi, a damanmu wata mata ce da 'ya'yanta biyu sanye da ja, a bayanmu ma jajaye ne. Ba shinge, ba layin 'yan sanda a tsakani. Matar ma ita ta ba ni alewa kafin a fara.

Ga wanda bai taɓa gani ba: mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 35 sau biyu. Kowa na riƙe da sanda ta katako, kamar muciya mai faɗin baki, ƙwallon kuwa ƙarama ce mai tauri, ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Turakun raga dogaye ne sun zarce sandar sama. In ka aika ƙwallo ta saman sandar tsakanin turakun, maki 1. In ka jefa ta a raga, maki 3. Ana iya cafe ta da hannu amma ba a wuce taku huɗu da ita, sai dai ka ɗora ta a bakin sanda ka yi ta gudu. A talabijin na sha gani, amma talabijin na ɓoye saurin. Kafin idona ya gano inda ƙwallon take, ta riga ta tsallake rabin fili. Mutum zai miƙa hannu tsirara sama ya cafe ta, sanduna uku na kaɗawa a gefen yatsunsa. Hular kwano ma sai a 2010 aka wajabta wa manya. Da na tambayi Baba yadda suke yi kafin nan, sai ya buɗe baki ya nuna mini giɓinsa.

Muna jiran a fito, ya nuna mini rumfar da ke fuskantarmu. Ya ce in kalle ta da kyau, sunan mutumin gundumarsu take ɗauke da shi. Michael Hogan, ɗan wasan Tipperary daga ƙauyen Grangemockler, shekararsa 24. Ranar Lahadi 21 ga Nuwamba, 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin kai. Da safiyar ranar mutanen Michael Collins, jigon masu yaƙin neman 'yancin, suka bi gida-gida a Dublin suka kashe mutum 14, yawancinsu jami'an Birtaniya da ake zargi da leƙen asiri. Da yamma Dublin da Tipperary na buga ƙwallon Gaelic, ƙwallon gargajiyar Ayilan da ake bugawa da hannu da ƙafa, a wannan fili, sai 'yan sandan mulkin Birtaniya suka shigo suka buɗe wuta a kan jama'a. Mutum 14 suka rasu. Hogan a cikin fili aka harbe shi. Akwai yara uku, ƙaraminsu Jerome O'Leary ɗan shekara 10. Akwai Jane Boyle, wadda saura kwana biyar a ɗaura mata aure, da rigar amarcinta aka binne ta. Baba ya jero sunayen nan ba tare da ya yi tuntuɓe ba, alhali uban da ya haife shi ma yaro ne a lokacin.

Sai yau na gane cewa GAA ba hukumar wasa ce kawai ba. An kafa ta ne ranar 1 ga Nuwamba, 1884, a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, cikin Tipperary ɗin dai, a zamanin da wasannin Ingila ke neman shafe na gargajiya. Michael Cusack, malamin makaranta, shi ya yi ta fafutuka. Filin kuwa sunan Archbishop Thomas Croke ya ci, babban limamin da ya tsaya musu. Kishin ya kai har suka haramta wa 'ya'yansu buga ƙwallon ƙafa ko rugbi, kai, ko zuwa kallo. A 1938 suka cire shugaban ƙasa sukutum, Douglas Hyde, daga jerin iyayen ƙungiya saboda ya je kallon ƙwallon ƙafa. Wannan doka sai 1971 ta faɗi. A ganina tsaurin ya wuce gona da iri, kuma na faɗa wa Baba haka. Ya ce ƙila, amma ba don shi ba da yanzu wasan nan sai a gidan tarihi. Shi kansa, in ji shi, bai so aka buɗe wa rugbi filin ba. Amma ranar da Ingila ta zo a Fabrairun 2007, aka rera taken Birtaniya a gaban rumfar Hogan, mutane suka yi tsit ba wanda ya yi ihu, sannan Ayilan ta ci su 43 da 13, ya ce daga ranar bakinsa ya mutu.

(Tudun da 'yan tsaye ke cika, Hill 16, an daɗe ana cewa da ɓaraguzan tawayen 1916 aka gina shi. Masana tarihi sun ce tudun ya riga tawayen, kuma da farko Hill 60 ake kiransa, sunan wani tudu a yaƙin Gallipoli. Na ambata wa Baba, ya ce masana ba su da aikin yi.)

Aka yi faretin 'yan wasa a bayan 'yan badujala, aka rera taken ƙasa da harshen Irish, ba a ma bari an kai ƙarshensa ba ihu ya haɗiye shi. Aka jefa ƙwallo.

Rabin farko na Cork ne, duk da cewa Tipperary ta ƙara mutum ɗaya a baya ta hana su sakewa gaban raga. Maki na ta hawa, wannan ya jefa wancan ya rama, Tipperary na ɓarar da wasu. Ana dab da hutu Shane Barrett ya zura wa Cork a raga. Allo ya nuna 1-16 da 0-13, wato 19 da 13. 'Ya'yan matar nan suka hau kujera suna tsalle. Baba ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya ce zai je bayan gida, bai dawo ba sai da za a koma. Ni dai a raina na ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, amma gaskiya ban yarda da kaina ba.

Abin da ya biyo baya har yanzu na kasa tsara shi a kaina. Tipperary ta dawo ta fara jera maki ɗaya bayan ɗaya, Cork kuwa in ta buga sai ƙwallo ta daki turke ko ta bi gefe. John McGrath ya tsinci wadda mai tsaron gida ya ture, ya tura ta raga. Ba a jima ba aka kayar da shi a gaban raga, alƙali ya ba Eoin Downey na Cork katin gargaɗi na biyu ya kore shi, ya kuma ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wanda ya ɗauki ƙwallon yaro ne ɗan shekara 19, Darragh McCarthy, shi ne wanda aka kora tun a minti na farko lokacin da suka haɗu a Cork watan Afrilu. Ya ɗirka ta a raga. McGrath ya ƙara ta uku. A duk tsawon rabi na biyu Cork maki 2 kacal ta samu, Tipperary ta samu 23. Aka tashi 3-27 da 1-18, wato 36 da 21. McCarthy shi kaɗai ya ci 1-13.

Baba ya rungume ni yana kuka yana kiran sunan ƙanensa. Sannan ya juya ya miƙa wa matar nan hannu, ita ma ta karɓa, ta ce masa sun fi su, ba wata magana. Ƙaramin ɗanta ya kifa kai a cinyarta.

Kyaftin Ronan Maher, ɗan Thurles, ya hau matakalar rumfar Hogan ya karɓi kofin Liam MacCarthy, karo na 29 ga Tipperary. Kilkenny ke gaba da 36, Cork na da 30. A jawabinsa ya ambaci Dillon Quirke, abokin wasansu da ya yanke jiki ya faɗi ana wasan kulob a Thurles a 2022 ya rasu. Nan ma Baba ya sake share ido.

Ni kuma idona na kan Patrick Horgan na Cork, yana tsaye a tsakiyar fili ya dogara da sandarsa. Shekararsa 37, zuwa ranar wannan wasa ba wanda ya kai shi yawan maki a tarihin gasar, kuma bai taɓa ɗaga wannan kofi ba. Da ƙwallon ƙafa ce da tuni ya koma ƙungiyar da ke cin kofi. A nan ba a saye, ba a sayarwa. Inda aka haife ka nan za ka buga wa, ko suna ci ko ba sa ci. Kuma duk waɗannan mutum 30 da suka cika fili da jama'a 82,300, ba mai albashi ko ɗaya. Malaman makaranta ne, da ɗalibai, da ma'aikatan banki, da manoma. In an gama biki kowa zai koma bakin aikinsa.

Muna tafiya gida na ɗaga wa Baba wannan magana. Na ce ana tara miliyoyi a ƙofa, yaran nan na atisaye kamar ƙwararru, su bar iyali, su karya yatsu, ashe ba a ci da guminsu ba? Ya ce kuɗin na komawa ga filaye da kulob na ƙauyuka, kuma ranar da aka fara biya, gundumomi masu kuɗi za su kwashe yaran ƙananan, shi ke nan an kashe abin. Ban gamsu gaba ɗaya ba. Masu horarwa da likitoci da masu talla duk suna samun nasu, wanda ake kaɗa wa sanda a kai ne kaɗai aka ce ya yi don kishi. Amma kuma na ga abin da kishin ya haifar, kuma ban san wani kuɗi da zai sa dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya ya yi kuka a kafaɗar baƙo ba.

Na tambaye shi ko yaran baƙi irinmu na samun shiga. Ya ce in je kowane kulob ranar Asabar da safe in gani. Ya kawo misalin Chiedozie Ogbene, haifaffen Legas da ya tashi a Cork, wanda ya buga ƙwallon Gaelic a kulob ɗin Nemo Rangers kafin ya koma ƙwallon ƙafa har ya buga wa ƙasa. Ya kuma tuna Seán Óg Ó hAilpín, wanda mahaifiyarsa 'yar Fiji ce, kyaftin ɗin Cork na ƙarshe da ya ɗaga kofin nan a 2005, ya yi jawabinsa da harshen Irish. Baba ya faɗi "na ƙarshe" ɗin sau biyu, da wani irin jin daɗi da bai dace da dattijo ba.

La'asar a gida na yi ta. Magariba sai goma saura, rana ta ƙi faɗuwa. Baba na falo ya sake kunna wasan daga farko, waya a kunne, shi da ƙanensa suna ihu kamar ba su san yadda za a tashi ba. Gobe za a kai kofin Thurles, ya ce dole mu bi jirgin ƙasa mu je tarba. Na ce ina da aikin safe. Ya ce in buga musu in ce ba ni da lafiya, rabin Tipperary haka za su yi. Na ce a'a, Baba, sai dai in raka ka tasha.