Daga turmi zuwa injin casa: wane aiki ya tafi, wanne ya zo?

A Gombe, inda shinkafar Dadin Kowa ke sauka buhu-buhu, da wuya yanzu ka ga ana casa da turmi da taɓarya don sayarwa. Aikin da mata ke yini suna yi, daga casa zuwa shiƙa da bakace, inji na gamawa kafin mai kaya ya gama ciniki. Matan da ke samun na cefane da wannan aikatau sun rasa shi, kuma babu wanda ya biya su diyya. Wannan asara ce ta gaske, bai kamata a share ta da sunan ci gaba ba.

Abin ya daɗe. A 1804 wani Bafaranshe, Jacquard, ya fito da masaƙa mai bin umarnin kati mai huji, wadda ke fitar da zane mai ado ba tare da yaron da ke jan zare ba. A 1811 masaƙan Nottingham a Ingila suka fara farfasa injina, har a 1812 gwamnati ta sa hukuncin kisa a kan hakan. Kukansu shi ne masu masana'anta na ɗora waɗanda ba su koyi sana'a ba a kan inji, suna karya farashin aiki. A 1913 kamfanin Ford na Amurka ya sa mota tana tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci na ɗaura abu guda, haɗa ta ya sauko daga kusan awa 12 zuwa awa ɗaya da rabi.

Mu dawo kan shinkafa, domin a nan ake ganin inda gwaninta ta koma. Tsohon injin ƙarfe irin na Engelberg, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1880, yana ɓare ɓuntu da goge ƙwaya a zubi ɗaya. Yana da arha da saurin gyara, amma yana kakkarya shinkafa: daga kilo 100 na shanshera abin da ke fita bai cika wuce kilo 55 ba, ɓuntu da dussa kuma a cakuɗe. Injin roba, mai naɗi biyu da ke juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ya fi ɗaya gudu, idan aka haɗa shi da na gogewa yana kaiwa kilo 65 ko fiye. Bambancin kilo goma ke nan a kowane kilo 100 na shanshera.

Sai dai injin ba ya bayar da wannan riba shi kaɗai. Dole damshin shanshera ya kasance wajen kashi 14 cikin ɗari. Idan ta wuce haka, sai ta yi laushi ta toshe rariya. Idan an bar ta a rana ta bushe ƙayau, ƙwayar ta riga ta tsage a ciki, tana shiga inji ta farfashe. Tsofaffi na gane wannan da cizo, amma mitar awon damshi ta fi haƙori gaskiya. Tazarar robobi ma haka: in ta yi matsi a karya ƙwaya, in ta yi faɗi shanshera ta wuce da ɓuntunta. Robar da ta fi gudu ita ke saurin cinyewa, shi ya sa ake musanya musu wuri. Wanda kuma ya tsallake injin cire tsakuwa don tsimin mai, zai biya da yagaggiyar rariya, ya kuma rasa masu saye.

A manyan masana'antu har tsintar baƙar ƙwaya an miƙa wa inji mai kyamara, yana hango ta ya hure ta da iska. Mutum ɗaya da ya iya saita shi ya isa, amma dole ya san lantarki, ya iya karanta abin da allo ke nunawa.

Abin da ke damuna shi ne yaran da ke wuraren casa yawanci ɗaukar buhu kawai suke yi shekara da shekaru. Mai inji da ke son kayansa su daɗe ya koya wa yaronsa awon damshi, saita roba, ɗaure bel da sauya rariya. Matan da ke turara shinkafa kuwa, tunda ingancin ƙwayar daga jiƙo da shanyarsu yake farawa, su ne suka fi cancanta a fara bai wa mitar damshi da rancen sayen ƙaramin inji a ƙungiyance.