Mako na shida ina koyon girkin da ke ciyar da ƙwayoyin hanji

'Yan uwana masu koyon wannan girki, yau mako shida ke nan da na fara rubuta duk abin da mahaifiyata ta ci tun da aka ɗora ta a kan kemotarafi, wato maganin cutar kansa (ciwon daji), kuma abin da ya fi ba ni wahalar koyo shi ne haƙuri da cokali.

A makon farko na yi gaggawa. Da na ji cewa albasa da tafarnuwa suna ɗauke da inulin, wani nau'in faiba (ɓangaren abinci da ba ya narkewa) da bakteriyar hanji suke ci, wake kuma cike yake da faiba, sai na haɗa mata su duka a kwano ɗaya. Daren nan ba ta runtsa ba, tana ta juyi dafe da ciki saboda kumburi. Daga baya na gane dalili: irin wannan abinci da Glenn Gibson da Marcel Roberfroid suka raɗa wa suna firibayotik a 1995 ba ya narkewa a ƙaramin hanji, sai ya gangara babban hanji inda ƙwayoyin bakteriya suke cinye shi, su fitar da iska tare da sinadarai irin su butiret, wanda bangon hanji yake rayuwa da shi. Wannan bango kuwa yana cikin wuraren da maganin kansa yake fara taɓawa, domin ƙwayoyin halittarsa suna saurin sabuntawa, kuma idan ya raunana garkuwar jiki ce take ɗaukar nauyin ƙwayoyin cutar da suka tsallake shi zuwa cikin jiki.

Yanzu abu ɗaya nake ƙarawa a lokaci guda, cokali biyu na dafaffen sha'ir ko rabin ayaba, sannan in jira kwana uku ina lura da bayan gidanta kafin in matsa gaba. Ranar da gudawa ta zo, nakan janye wake gaba ɗaya in sanar da likitarta.

Shinkafar da aka dafa ta huce tana samar da sitacin da ƙwayoyin hanji suke so, amma a nan ne na fi taka-tsantsan, domin tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye na kemotarafi fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta suna yin ƙasa sosai. Ina baza ta a faranti mai faɗi, in sa ta a firiji cikin awa ɗaya, washegari in ɗumama ta har tururi ya tashi daga tsakiyarta. Kwalbar kafsol mai ɗauke da bakteriya masu rai da aka kawo mana kyauta tana nan a rufe, saboda likita ta ce a wannan hali suna iya shiga jini. Ma'aunin zafi yana gefen gado, kuma idan ya nuna digiri 38 asibiti za mu nufa ko da tsakar dare ne.

Binciken da mujallar Science ta buga a 2013, wanda ya nuna cewa sayiklofosfamayid, ɗaya daga cikin magungunan kemotarafi, yana rasa ƙarfi idan aka kashe bakteriyar hanji, a kan ɓeraye aka yi shi. Saboda haka a ganina girkinmu tallafi ne ga magani, kuma iyakar matsayin da nake ba shi ke nan. Mako mai zuwa zan gwada dafaffen tuffa, domin bakinta ya fara ciwo kuma abu mai laushi take iya haɗiyewa.