Abin da Fadamar Arkata ta Koya Mini

A shekarata ta ƙarshe a fannin injiniyan muhalli, malaminmu ya ba ni aikin nazarin yadda ƙaramin garin Arkata, da ke bakin mashigin tekun Hambolt a arewacin Kalifoniya ta Amurka, yake tace ruwan ƙazantarsa. Na karɓi aikin da raini, domin a lokacin ina ganin duk tsarin da ba shi da manyan injuna bai kai a kira shi aikin injiniya ba.

Bayan dokar tsaftar ruwa ta Amurka ta 1972, hukumomi sun so a haɗa Arkata da maƙwabtanta a babbar matata guda, mai tsadar da ƙaramin gari ba zai iya ɗauka cikin sauƙi ba. Mutanen garin suka ƙi, kuma da taimakon malaman jami'ar garin, George Allen da Robert Gearheart, suka nuna cewa fadamar da aka gina da hannu za ta iya aikin. An kammala tsarin a 1986, wani sashensa a kan tsohuwar bola. Da farko ana barin daskararren datti ya kwanta, sai ruwan ya shiga manyan tafkuna inda gansakuka da ƙwayoyin bakteriya ke cinye ƙazantar, sannan ya ratsa fadamu a hankali kafin a kashe sauran ƙwayoyin cuta a sake shi. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake: a mashigin nan ake kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo da mutane ke ci, wadda ke tace ruwa da jikinta, don haka duk cutar da ta kuɓuce wa matata tana iya ƙarewa a cikin mai ci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin kacala cikin tsirran da ke wannan aiki. Ita ce ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, har manoma da masunta suke kuka da ita, amma ga shi a can saiwoyinta na rage gudun ruwa suna ba bakteriya wurin zama. Na daɗe ina juya wannan a zuciyata.

Sai dai sha'awar tsarin ta ja ni ga kuskure. Na rubuta a rahotona cewa fadama tana tafiyar da kanta, malamin kuwa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar ya tambaye ni inda lakar shekara talatin take zuwa. Ba ni da amsa. Da na koma karatu na gane cewa laka na taruwa har ta rage zurfin tafki, tsirrai na mutuwa su ruɓe su mayar da abin da suka sha, ruwan sama mai yawa kuma na kutsawa cikin tsofaffin bututu ya hanzarta ruwan da ya kamata ya daɗe. Dole a sami ma'aikacin da zai riƙa ɗibar ruwa yana aunawa, da kuɗin yashe laka a kasafin gari.

Akwai kuma barazanar da ban hango ba sam. Ƙasar yankin Hambolt tana nutsewa yayin da teku ke ƙaruwa, tafkunan kuwa a bakin ruwa suke, ganuwar ƙasa ce kawai tsakaninsu da mashigin. Na sake rubuta babin ƙarshe na rahoton gaba ɗaya a kan wannan ganuwa.