Godiya bayan faɗuwar da na yi a dutsen Jaku

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, an sallamo ni daga asibiti, ga ni a ɗaki ƙafa a ɗaure. Saƙonni sun yi yawa har na kasa amsa kowa ɗaiɗai, shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda abin ya auku, in kuma gode wa waɗanda suka tsaya mini.

Hutu muka samu, mu biyar 'yan ajinmu muka hau ƙaramin jirgin ƙasan nan daga Kalka zuwa Shimla, a arewacin Indiya. Kilomita 96 ne kacal, amma sai da muka ci kusan awa biyar, yana ta kutsawa cikin ramukan da aka fasa a jikin duwatsu, sun haura ɗari. Tun 1903 aka buɗe layin, zamanin da Turawan mulki ke gudowa Shimla in zafi ya ishe su a Kalkata.

Ranar farko muka je ɗakin bautar Tara Devi muka dawo lafiya lau. Kashegari sai Jaku, dutse mafi tsawo a garin, mita 2,455. A kansa aka kafa mutum-mutumin Hanuman, abin bautar Hindu mai siffar biri, mai tsawon ƙafa 108 a 2010, launin ruwan lemo, ya zarce duk itatuwan wurin. Hindu na cewa a nan Hanuman ya yada zango sa'ad da ya fita neman maganin da zai ceci Lakshmana, ƙanin abin bautarsu Rama. Ni dai kallo ya kai ni. Na cire takalmi na tsaya gefe, abokin ɗakina ya shiga ya kaɗa ƙararrawa ya yi ibadarsa, kuma ba wanda ya matsa sai ya ɗiga mini jan nan a goshi.

To, birai. Tun a ƙasa ake ba da hayar sanda saboda su, aka kuma ce in cire tabarau. Na yi kunnen uwar shegu, wai ni da na taso ina korar biri a gonar Baba. Ban ankara ba sai na ji nauyi a kafaɗa, tabarau ya yi sama. Wani yaro mai talla ya jefa wa birin ƙullin gasasshen wake, gogan naka ya saki tabarau, sai dai gilashi ɗaya ya riga ya tarwatse. Haka na kama gangara da ido ɗaya, ana yayyafi, na taka gefen matattakala, idon sawuna ya ce ƙas.

Godiyata ta farko bayan Allah ga wata dattijuwa ce da ta zo ibada. Ba na jin Hindi sosai, ita ma ba ta jin Turanci, amma ta durƙusa cikin ruwan nan ta cire mayafinta na ulu ta ɗaure mini ƙafa, tana ta yi mini faɗa kamar jikanta. Sai 'yan dako biyu da suka ciccibe ni har inda mota ke iya zuwa, suka ƙi karɓar ko rupi ɗaya. Mai shayin da ya ba ni benci da shayi mai citta, shi ma na gode.

Abokin ɗakina kuwa, ban san da bakin da zan gode masa ba. Kwana uku yana kwana a kujerar asibiti. Shi ke kawo mini ruwan alwala a roba, shi ke duba alƙibla a waya ya juya mini gado. 'Yan uwa ɗaliban Najeriya da kuka haɗa kuɗin aiki cikin dare ɗaya, Allah ya saka da alheri, ya ba ku sa'ar jarrabawa.

Hajiya, ki yafe mini ɓoye miki da na yi, tsoron hawan jininki ne. Yaya, na san kai ka tona, na yafe.

Likita ya ce sati shida kafin a kwance ɗaurin. Mayafin nan yana wurina, na sa an wanke, ruwan toka ne mai jan baki. Duk wanda zai hau Jaku cikin 'yan makarantarmu ya biyo ya karɓa ya bai wa mai shayin bakin ƙofa, ya ce dattijuwar takan zo duk Talata.