Cin abinci mai gina jiki da kayan da suka fi arha a babban kanti

Na ɗauki lokaci ina ciyar da kaina da kayan da ke can ƙasan kanta a babban kanti, irin waɗanda ke ɗauke da sunan kantin kansa, a leda mara ado. Na riƙa rubuta abin da na saya, da abin da na dafa, da abin da ya ƙare a kwandon shara. Rubutun nan ne ya nuna mini cewa kuɗin da ke manne a jikin kaya bai isa ma'auni ba, sai mutum ya san yawan abin da zai fito daga tukunya, da kuma yawan abin da zai kai ciki kafin ya lalace.

Mu fara da takardar farashi. A manyan kantuna da yawa, ƙarƙashin babban farashin akwai ƙaramin rubutu da ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko giram 100. Shi ne abin dubawa. Inda ba a rubuta ba, waya tana da kalkuleta, sai a raba kuɗin da nauyin. Sau da dama na tarar babbar leda ta fi ƙarama tsada a kowane kilo, musamman idan an yi wa ƙaramar ragi. Kayan da kanti ya fi samun riba a kansu galibi ana jera su daidai tsayin ido, masu arha kuwa sai ka sunkuya. Shinkafa, taliya, fulawa, ots (hatsin nan da ake damawa kamar kunu), busasshen wake, gishiri da tumatirin gwangwani ban ga wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin na ƙasan kanta da na sama ba, illa shinkafa mai arha ta fi yawan karyayyun ƙwayoyi, don haka tana son a wanke ta sau biyu ko uku kuma a rage mata ruwa kaɗan, in ba haka ba ta caɓe.

Inda arha ba ta ado shi ne kayan da aka sarrafa. Jerin abubuwan da aka haɗa, wanda ke bayan leda, ana tsara shi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Idan ka ɗauki sosej mai arha ka ga ruwa da sitaci suna sahun gaba, to naman da ka biya kuɗinsa kaɗan ne. Haka daskararren kifi da aka lulluɓe da ƙanƙara: a nemi nauyinsa ban da ƙanƙarar, shi ne na gaskiya. Abin sha mai hoton 'ya'yan itace wanda sukari ne na biyu a jerinsa, na daina ɗaukarsa gaba ɗaya.

Lissafin da ya fi yi mini amfani shi ne na furotin, sinadarin gina jiki, domin nan ne kuɗi ya fi tafiya. Babban mutum yana buƙatar wajen giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana, wato mai kilo 70 yana neman kimanin giram 56. Busasshen wake giram 100 yana da wajen giram 21. Adas, ƙananan waken nan masu faɗi da ke saurin dahuwa, suna da wajen giram 24. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Ita kanta shinkafa ɗanya tana da kimanin giram 7 a giram 100, ots da taliya kuma suna kai 12 zuwa 13. Da na tara waɗannan sai na ga rabin buƙatata tana fitowa daga hatsi tun kafin in taɓa nama. Wake da hatsi suna cike wa juna giɓi, abin da ɗaya ya gaza a kai ɗayan yana da shi, kuma ba dole sai a kwano ɗaya ba, a ci su cikin yini guda ya wadatar.

Ga abin da nake ɗauka na mako ɗaya don mutum ɗaya: shinkafa kilo 1, taliya giram 500, ots giram 500, wake da adas giram 700 a haɗe, ƙwai 10, kifin gwangwani 2, madarar gari giram 200, man girki kwata na lita. Wannan kaɗai yana ba da kalori, ma'aunin kuzarin abinci, kusan 2,000 da furotin wajen giram 70 a rana. Mai aikin ƙarfi zai ƙara hatsi da mai. Sai kayan lambu, kuma a nan na fi yin sake da farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, ban da dankali. A mako kilo 2.8 ke nan. An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, sai dai nawa idon ya yaudare ni, domin da na ɗora abin da nake ci a sikeli bai kai rabin haka ba. Abin da ya cike mini wannan nauyi da kuɗi kaɗan shi ne kabeji guda, karas kilo 1, albasa, tumatirin gwangwani 2, daskararrun kayan lambu leda ɗaya, da duk ɗan itacen da kakarsa ta zo.

Daskararrun kayan lambu mutane suna raina su, ni kuma ina ganin sun fi komai daraja a wannan jerin. Ana ɗan tafasa su a daskarar jim kaɗan bayan girbi, don haka yawancin amfaninsu yana nan, ba ɓawon da za a fere a zubar, kuma ba sa ruɓewa a ƙasan firji. A zuba su kai tsaye daga firiza cikin tukunya a mintuna biyar na ƙarshe. In an bar su sun narke tukuna sai su saki ruwa su yi laushi. Ledar da kayan cikinta suka dunƙule wuri ɗaya kamar dutse alama ce ta sun taɓa narkewa aka sake daskarar da su, a ajiye ta a ɗauki wata.

Wake ya cancanci dogon bayani, domin shi ne ginshiƙin tsarin kuma shi ya fi ba ni wahala. Gwangwanin wake mai giram 400, in an tsiyaye ruwansa, abin da ya rage wajen giram 240 ne. Busasshe kuwa in ya dahu yana ninka nauyinsa sau biyu zuwa biyu da rabi, don haka giram 500 yana fitar da abin da ya kai gwangwani huɗu ko biyar. Amma fa wuta ma kuɗi ce. Wanda zai dafa kofi ɗaya ya kunna murhu awa ɗaya da rabi, ribar da ya samu ta tafi a gas ko lantarki. Shi ya sa nake dafa giram 500 gaba ɗaya, in raba gida biyar, in bar biyu a firji, uku a firiza.

Yadda nake yi: in tsince shi, in jiƙa awa 8 zuwa 12 a ruwan da ya ninka shi sau uku, da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Da safe in zubar da ruwan jiƙon, wannan yana rage kumburin ciki, in sa sabon ruwa, ya tafasa sosai na minti 10, sannan in rage wuta ya ƙarasa a hankali. Tafasar minti 10 ɗin nan ba zaɓi ba ce ga jan wake mai siffar ƙoda. Yana da wani sinadari da ke sa amai da gudawa, kuma tafasa mai ƙarfi ce ke kashe shi, ɗumi-ɗumin tukunyar lantarki mai dafawa a hankali ba ya isa. Idan wake ya ƙi dahuwa, abu biyu nake zargi. Ko dai an sa tumatir ko wani abu mai tsami tun farko, domin tsami yana hana ɓawon laushi, ko kuma waken ya tsufa a kanta. Maganin na farko shi ne a bar tumatir sai ya dahu. Na biyu kuma, bekin soda kwatan ƙaramin cokali a ruwan dahuwa yana taimakawa, in ya wuce haka sai ɗanɗanon sabulu ya fito. Jan adas ba ya buƙatar jiƙo, minti 15 zuwa 20 ya narke, shi ne na ranar da na dawo a gajiye. Wanda bai saba da wake kullum ba ya fara da kaɗan, cikin makonni biyu ko uku ciki yakan saba.

Ƙwai, kifin gwangwani da madara ban cire su ba ko a makon da aljihu ya fi bushewa. Bitamin B12 daga kayan dabba ake samunsa, wake da hatsi ba su da shi. Sardin kuma ana cinsa da ƙashinsa mai laushi, wanda ke da kalsiyam, man da ke cikin gwangwanin ma ina soya albasa da shi. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama, amma bitamin C yana ƙara shigarsa, don haka nake haɗa shi da tumatir, ɗanyen kabeji ko matsin lemun tsami. Shayi yana yin akasin haka, sai na mayar da shi awa ɗaya bayan cin abinci.

Nama ya koma abin ƙara ɗanɗano. Kaza guda cikakkiya takan fi yankakkiya arha a kilo, sai dai a tuna wani kaso mai yawa na nauyinta ƙashi ne da fata. Riba tana fitowa ne in an yi amfani da ƙashin: a tafasa shi awa biyu da ɓawon karas da guntayen albasa, a tace, a samu romo wajen lita biyu da za a dafa shinkafa ko adas da shi.

Abin da ya kusa rusa tsarin shi ne gundura. Kwana huɗu a jere kana cin abu mai ɗanɗano iri ɗaya, a na biyar za ka tsinci kanka kana sayen abincin waje da kuɗin kwana uku. Don haka duk mako ina ware kaɗan in sayi kayan ƙamshi guda ɗaya, wannan makon kori, na gaba tafarnuwa, na gaba barkono ko citta, har suka taru. Sannan dabarar girki ta fi yawan kayan muhimmanci. Albasar da aka soya minti 15 a wuta kaɗan har ta yi ruwan zuma ta bambanta da wadda aka jefa cikin ruwa. Garin kayan ƙamshi a sa shi cikin mai na rabin minti kafin ruwa ya shiga. Tumatirin gwangwani mai arha yakan yi tsami, a soya shi har mai ya taso, ko a goga karas a ciki ya kashe tsamin. In abinci ya fito lami, kafin a ƙara gishiri a gwada ɗigon lemun tsami ko binega. Wannan na da muhimmanci domin iyakar gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ƙasa da giram 5 ne a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da taliyar nan mai dahuwa a minti uku suna cinye kaso mai yawa na wannan. In leda ta rubuta sodiyam, a ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Asarar da na fi yi a farko ta ajiya ce. Dankalin turawa da albasa in sun zauna tare suna saurin lalacewa, a raba su, a sa dankalin a wuri mai duhu da iska, ba cikin leda ba. Wanda ya yi kore ko ya yi tsiro a yanke wurin da zurfi, in koren ya yi yawa a zubar. Kabeji yana yin makonni a firji in ana yanka daga gefe ana rufe wurin. Hatsi da wake in an saya da yawa, kwana huɗu zuwa bakwai a firiza yana kashe ƙwari, sannan a juye a mazubi mai murfi. Jarkar mai babba ba riba ba ce ga mutum ɗaya, zafi da haske suna sa shi ya yi wari kafin a kai rabi.

Dafaffiyar shinkafa tana son kulawa ta musamman. Akwai ƙwayar cuta da ke jure dahuwa, in an bar shinkafar a tukunya cikin ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ta kashe gubar. Ina baza ta a faranti mai faɗi ta huce, ta shiga firji cikin awa ɗaya, in ci washegari ko in daskarar. Sauran dafaffen abinci kwana biyu zuwa uku a firjin da sanyinsa bai wuce digiri 5 ba, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Wanda ba shi da firji ko wutarsa ba ta tsayawa, tsarin dafa da yawa ba nasa ba ne, gara ya dogara da adas, ƙwai, ots da kayan gwangwani, ya dafa na ci ɗaya.

Sai kantar ragi, inda ake tara kayan da ranarsu ta kusa. Rana iri biyu ake bugawa. Wadda ke nufin kaya sun fi kyau kafin ranar magana ce ta inganci, taliya, shinkafa da kayan gwangwani suna ciyuwa bayanta muddin mazubin bai lalace ba. Wadda ke nufin a yi amfani kafin ranar, irin ta ɗanyen nama, kifi da madarar ruwa, magana ce ta lafiya, ba a tsallake ta. Naman ragi ina ɗaukarsa ne kawai in zan dafa a ranar ko akwai wuri a firiza, kuma ina raba shi gida-gida in rubuta kwanan wata a jiki kafin ya daskare. Gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, ko kyauta aka ba ni ba na karɓa.