Wai don zuciya ta samu matsala sai a kwanta?

Ƙannena na Zariya, musamman masu ganin ciwon zuciya na tsofaffi ne kawai, ni ban kai 50 ba likita ya ce min zuciyata ta fara girma saboda hawan jinin da na daɗe ina wasa da shi, maganin ma sai ranar da kaina ya yi ciwo nake sha. Da na ji haka sai tsoro ya kama ni na kwanta. A gida kowa "Yaya ka huta, kar ka wahalar da kanka", ko masallacin unguwa a mashin nake zuwa, nan da nan tumbi ya fito, hawa bene ɗaya sai na tsaya ina haki kamar wanda ya yi gudun fanfalaki.

Da na koma wajen likitan da ke duba ni faɗa ya yi min sosai. Ya ce in ba an ce maka ka kwanta ba, zaman nan shi ke ƙara lalata abin, don jikin da ba ya motsi ƙaramin aiki ma sai ya sa zuciya wahala. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 kwana 5, kuma ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba, ni da minti 10 aka fara ni ina ƙarawa a hankali. Yadda zaka gane baka wuce gona da iri ba, kana tafiyar kana iya hira da na kusa da kai amma ba zaka iya rera waƙa ba. In maganar ma ta gagara to rage sauri.

To da na ɗan ji ƙarfi sai ɗoki ya ɗebe ni, ranar Asabar na shiga ƙwallo da samarin Tudun Wada ba ko ɗumama jiki, wallahi ƙasa ce ta dinga juya min sai a gefen fili na tsinci kaina a zaune. Wannan shi ne abin da likitoci suka fi tsoro, mutum ya yi sati a zaune sannan ya fizgi zuciya lokaci guda. Fara a hankali na minti 5 zuwa 10, haka kuma in zaka tsaya, kar ka tsaya cak. Ɗaga buhun masara ko tura mota kana riƙe numfashi shi ma jini yake hawar da shi nan take.

Ga maganar magani kuma. Masu shan maganin hawan jini da zuciya irin su atenolol ko bisoprolol, bugun zuciyarku a rage yake, don haka lambar da agogon hannu ke nunawa zata iya ruɗin ku. Masu shan maganin sa fitsari irin Lasix ku kiyayi zafin Maris da Afrilu, ku fita bayan asuba ko da la'asar sakaliya. Da hunturu kuwa sanyin asuba yana matse jijiyoyin jini, ga ƙura, gara ka bari rana ta ɗaga.

Ƙannena mata, tun shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka yi bincike kan ciwon zuciyar bayan haihuwa, har suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Mai jego da ƙafa ta kumbura tana haki in ta kwanta, asibiti za a kai ta kafin a yi zancen wani atisaye.

Kana cikin tafiya ka ji ƙirji ya danne, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri da zufa mai sanyi, tsaya ka zauna. In bai lafa ba cikin 'yan mintuna a nemo mota a wuce asibitin koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa, dan Allah kar a tsaya kemis ana cewa ai olsa ce.